Farin Magi Guba Ne? Fashin Baƙi Kan Sinadarin Da Ke Cikin Miyarmu

Shin farin magi guba ne? Tambayar nan ta daɗe tana yawo a gidajen biki da majalisu, da cikin saƙonnin murya da ake turawa ta WhatsApp. Wata za ta ce da idonta ta ga an cire tabon tufa da shi. Wani ya ce yana cinye ƙashi, yana kashe ƙarfin namiji. Akwai gidajen da maigida ya kafa doka kada ya ƙara ganin farin ƙullin nan a madafa, amma dunƙule yana nan, ana marmasa huɗu ko biyar a tukunya guda. Hujjar kowa ɗaya ce: wannan kemikal ne daga masana'anta, daddawa kuwa 'yar gida ce, iyaye da kakanni sun ci ba abin da ya same su.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, sinadarin da ke ba farin magi ɗanɗanonsa shi ne dai wanda ke ba daddawa nata. Yana cikin tumatir, yana cikin nama, yana cikin nonon uwa. Wannan ba ya nufin a buɗe leda a juye yadda aka ga dama, akwai abin dubawa, sai dai ba a wurin da jama'a ke nunawa yake ba. Kafin a gane haka, dole a koma tushe.

Mene ne haɗaɗɗen sinadari?

Duk abin da hannu ke taɓawa, ko hanci ke shaƙa, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Masana sun san iri 118 na waɗannan ƙwayoyi, amma jikin ɗan Adam bai ɗebi da yawa ba. Huɗu kacal, wato oksijin da kabon da haidirojin da naitirojin, su ne kusan kashi 96 cikin 100 na nauyinsa. Idan iri biyu ko fiye suka ƙulla da juna, sai a sami haɗaɗɗen sinadari, kuma halinsa yakan sha bamban da na iyayensa.

Gishiri ya isa misali. Sodiyam wani ƙarfe ne mai laushi da wuƙa ke yankawa, in aka jefa shi cikin ruwa sai ya yi ta tafasa, wani lokaci har ya kama wuta. Kulorin kuwa iska ce mai shaƙe numfashi, da ita aka kashe sojoji a Beljiyam a 1915 lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Amma da suka haɗu, sai ga gishirin da ayarin raƙuma ke ɗaukowa daga Bilma tun zamanin da. Kanwar da ake jefa wa wake don ya yi saurin nuna, ita ma sodiyam ce da ta ƙulla da kabon da oksijin.

Daga nan abu biyu ke fitowa. Jin sunan abin da aka haɗa sinadari da shi ba ya gaya maka ko yana cutarwa. Sannan idan sinadari biyu suka zo da ƙwayoyi iri ɗaya, a jere iri ɗaya, to abu ɗaya ne, ko daga bishiya ya fito ko daga tukunyar masana'anta. Hanji ba shi da hanyar tambayar asalinsa.

Manyan sinadaran da rai ke tafiya a kansu

Abincin da muke ci, da jikin da ke cin sa, sun dogara ne kan 'yan gidaje kaɗan. Sitacin gero da masara da rogo ƙwayoyin sukari ne da aka jona suka yi tsawo, ciki ya warware su su koma gulukos, jini ya kai wa gaɓɓai su ƙona su sami ƙarfi. Man gyaɗa da man shanu da kitsen rago ajiya ce ta ƙarfi, da su kuma ake yin bangon kowace ƙwayar halitta. Sai DNA da 'yan'uwansa, masu riƙe da bayanin gado. Wanda ya shafe mu a nan shi ne na huɗu, furotin, abin da ake kira sinadarin gina jiki.

Furotin kamar carbi yake. Kowane ɗa a jikin zaren sunansa amino asid, kuma iri 20 ne jiki ke jerawa, sauyin jeri shi ke sa wani ya zama tsoka, wani gashi, wani abin narkar da abinci a ciki, wani kuma jan sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Tara daga cikinsu jiki ba ya iya ƙerawa, dole sai an ci a wake ko ƙwai ko nama ko nono. Sauran yana yin abinsa da kansa. Gulutamet, sinadarin nan da ke ba farin magi da daddawa ɗanɗanonsu, na cikin waɗanda jiki ke ƙerawa kullum, ko mutum bai taɓa ganin magi a rayuwarsa ba. Yana cikin waɗanda suka fi yawa a furotin ɗin abinci, kuma ƙwaƙwalwa da shi take aika yawancin saƙonni tsakanin jijiyoyinta.

Ga inda sirrin girki yake. Muddin gulutamet yana ɗaure a jikin zaren, harshe ba ya jin sa. Sai zaren ya tsinke, ya fito shi kaɗai, sannan ɗanɗanon romo ya bayyana. Shi ya sa nunannen tumatir ya fi ɗanye daɗin miya, naman da ya daɗe a wuta ya fi ba da romo. Shi ya sa kuma nonon uwa ke da shi a sake fiye da kowane amino asid: jariri ya san wannan ɗanɗano tun kafin ya san tuwo.

Abin da ke faruwa a cikin kwandon daddawa

Mai yin daddawa ba ta taɓa jin sunan gulutamet ba, amma shi take haƙowa. Kalwa, wato ƙwallon ɗorawa, cike take da furotin, sai dai tauri ya hana a ci ta haka. Za ta dafa ta yini guda ko kwana har ɓawon ya saki, ta surfa a turmi, ta wanke, ta sake dafawa. Daga nan ta zuba da zafinta a kwando ko ƙwarya, ta lulluɓe da ganye da buhu, ta kai ɗaki ta bar ta kwana biyu zuwa uku. In aka buɗe, kalwar ta yi duhu, ta yi yauƙi, wari mai hawa kai ya cika ɗakin. Sai a kirɓa, a faffaɗa, a shanya.

A cikin kwanakin nan na rufi, wasu ƙwayoyin bakteriya marasa cutarwa, galibi irin da masana ke kira Bacillus subtilis, su ne suke tsinka zaren furotin ɗin kalwa. Amino asid suna zubowa a sake, gulutamet na kan gaba. Warin nan mai ƙarfi kuwa, wani ɓangarensa iskar amoniya ce da ke fita daga wannan aiki. Haka daddawar batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa take, haka ta waken suya.

Akwai kuma wata hikima da matanmu suka gano da harshe. Busasshen kifi da nama suna ɗauke da wani sinadari, inosinet, daga dangin abubuwan da ake gina DNA da 'yan'uwansa. Idan ya haɗu da gulutamet a harshe, ɗanɗanon yakan ninka sau da yawa fiye da kowannensu shi kaɗai. Miyar kukar da ta ji daddawa da busasshen kifi, wannan haɗi ne ke aiki a cikinta. Masu yin dunƙule sun san haka, shi ya sa da yawansu ke zuba inosinet tare da gulutamet.

Daga ina farin magi ya fito?

Wani masani Bajamushe, Karl Ritthausen, shi ya fara ware wannan amino asid daga furotin ɗin alkama a 1866. Amma wanda ya haɗa shi da ɗanɗano shi ne Farfesa Kikunae Ikeda na jami'ar Tokyo a 1908. Ya lura romon da Japanawa ke yi da wata ciyawar teku yana da ɗanɗanon da ba zaƙi ba, ba tsami ba, ba ɗaci ba, ba kuma gishiri ba. Ya bi diddigi har ya fitar da gulutamet, ya sa wa ɗanɗanon suna umami. Don ya zama gari mai narkewa da sauƙin ajiya, sai ya ƙulla shi da ƙwayar sodiyam guda. A 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto. Kusan shekara 90 bayan nan, a farkon shekarun 2000, masu bincike suka gano furotin na musamman a kan harshe waɗanda aikinsu shi ne gane gulutamet.

Da farko daga alkama ake tatsar sa. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 aka koma amfani da bakteriya: a zuba ruwan rake ko sitacin rogo ko na masara a manyan tankuna, a saka ƙwayoyin, su ci sukarin su fitar da gulutamet, a tace, a busar ya zama farin ƙyalli. Aikin ɗan'uwan na kwandon daddawa ne, sai dai an tsame sinadari guda an bar sauran.

Wannan tsamewa ita ce ainihin bambancin, kuma ba ƙarama ba ce. Daddawa tana zuwa da furotin da mai da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Farin magi ɗanɗano ne zalla, ba ya gina kowa.

Yadda tsoron ya samo asali

Ruwa ba ya tsami banza. A 1968 wani likita a Amurka, Robert Ho Man Kwok, ya aika wasiƙa ga wata babbar mujallar likitoci yana cewa in ya ci abinci a gidajen abincin 'yan China yakan ji wuyansa ya yi sanyi, jiki ya mutu, zuciya na bugawa. Bai ce ya gano dalili ba, ya lissafa abubuwan da yake zato, farin magi na ciki. Jaridu suka ɗauka, zato ya zama labari. Shekara guda bayan haka wani masani, John Olney, ya yi wa jariran ɓeraye allurar gulutamet mai yawan gaske a ƙarƙashin fata, ya ga wani sashe na ƙwaƙwalwarsu ya lalace.

Binciken Olney gaskiya ne, amma a duba yadda aka yi shi. Allura ce, ba ci ba, ga yawan da ba wanda ke zubawa a miya, ga kuma jaririn ɓera da shingen da ke kare ƙwaƙwalwarsa bai gama ƙwari ba. Mutumin da ya ci gulutamet a abinci, ƙwayoyin bangon hanjinsa ne ke ƙone mafi yawansa su sami ƙarfi, kaɗan ne ke shiga jini, kuma akwai shinge tsakanin jini da ƙwaƙwalwa da ke tare shi. Yawancin rahotannin da ake yaɗawa cewa an gwada a ɓera an ga ƙoda ko maraina sun lalace, in aka koma aka duba adadin da aka ɗura wa dabbar, za a tarar ya yi nisa da abin da ke shiga cikin mutum.

A kan mutane ma an gwada. A wani bincike da aka wallafa a 2000, an tara mutum 130 da suka ce farin magi na damun su, ana ba su ko dai giram 5 nasa ko wani abu da ba shi a ciki, ba tare da su ko masu ba su sun san wanne ne ba. Wasu sun ji ciwon kai ko zafin fuska, amma da aka maimaita, alamun ba su tsaya a kan mutum ɗaya ba, kuma idan an haɗa da abinci ba a cika ganin su ba.

Batun cire tabo kuwa, ko da ya tabbata, ba hujja ba ce. Lemon tsami na cire tsatsa, gishiri na kashe ciyawa, ba wanda ya ce a daina ci.

Akwai wata damuwa da ta taɓa tasowa wadda ta shafi Musulmi. A ƙarshen 2000 majalisar malaman Indonesiya ta gano cewa a masana'antar ƙasar an yi amfani da wani abu da aka sarrafa da sinadarin jikin alade wajen renon bakteriyar. A farkon 2001 aka janye kayan daga kasuwa, kamfanin ya sauya hanya. Wannan tambaya ce ta yadda aka sarrafa, kuma tana da muhalli. Ita ce ma dalilin da ya sa ya kamata mutum ya san daga ina ƙullinsa ya fito.

Me hukumomi suka ce?

Ba su yi magana da murya ɗaya ba, kuma ya kamata a faɗi hakan. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ya duba lamarin a 1987, ya ga babu buƙatar yanka masa iyaka ta kullum. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka na lissafa shi cikin abubuwan da ba su da haɗari, tana cewa wasu mutane kan ji 'yan alamu masu wucewa in sun sha giram 3 ko fiye a cikin da ba abinci. Ta kuma ƙiyasta cewa baligi a can na samun kusan giram 13 na gulutamet kullum daga furotin ɗin abincinsa, wanda ake barbaɗawa kuwa wajen rabin giram ne.

Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta fi taka tsantsan. A 2017 ta sa iyakar miligiram 30 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Iyakar mai kilo 60 ke nan ba ta kai giram 2 ba. Yaro mai kilo 15 kuwa ƙasa da rabin giram.

A ganina wannan adadi na Turai shi ya fi dacewa mu riƙe a zuciya, ba don farin magi guba ne ba, sai don yadda muke zuba shi. Duba teburin mai shayi: taliyar leda da garin ɗanɗanonta, a ƙara dunƙule, a ƙara farin magi a ƙwai. Duba yajin tsire, da garau-garau, da awarar da yara ke saye a ƙofar makaranta. Ba a auna kome, da hannu ake yi.

Inda gizo ke saƙar

Sodiyam ɗin da Ikeda ya ƙulla wa gulutamet, shi ne abin da likita zai fara tambaya a kai. Farin magi kashi 12 cikin 100 nasa sodiyam ne. Gishiri kuwa kusan kashi 40. Dunƙulen da aka bari a madafa bayan an kori farin magi fa? A juya takardarsa a karanta. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙanƙanta, kuma a yawancinsu gishiri ne na farko, gulutamet ɗin da ake gudu yana biye. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce giram 5 na gishiri a rana, abin da bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, alhali matsakaicin abin da mutane ke ci a duniya ya ninka haka. Sodiyam in ya yi yawa yana riƙe ruwa a jini, jinin ya ƙara matsa wa jijiyoyi, a hankali hawan jini ya shigo, bayansa shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda da na zuciya. Kuma jiki ba ya rarrabe sodiyam ɗin gishiri da na dunƙule da na kanwa da na farin magi, duka wuri ɗaya yake tara su. Tukunyar da ta sami huɗun nan gaba ɗaya, ita ce abin tsoro ga mai hawan jini. Uwargidan da ta rage gishiri da dunƙule sosai ta ɗan barbaɗa farin magi kaɗan, tana iya ƙarewa da sodiyam ƙasa da na maƙwabciyarta da ta haramta shi.

Illa ta biyu ta fi ba ni tausayi, don ta talauci ce. Ɗanɗanon gulutamet alama ce da harshe ke karantawa cewa akwai furotin a abinci. Idan kifi da nama da wake sun gagari aljihu, ƙullin farin magi na iya sa ruwa da kuka su yi daɗi kamar an sa nama. Baki ya gamsu, jikin yaro bai sami abin gini ba. Ba laifin uwar ba ne, da abin da ke hannu ake girki. Amma inda hali ya yi, daddawa ko ɗan garin ƙuli ko ɗan wake a miyar ya fi ƙarin magi amfani nesa ba kusa ba.

Na uku shi ne farin magi na buhu, wanda ake aunawa a ƙulla a farar leda, ba suna, ba lambar NAFDAC, ba ranar lalacewa. A nan ba gulutamet ne abin zargi ba, rashin sanin abin da aka gauraya ne.

Waɗanda suka fi cancantar a ji tsoronsu

Abin da ya fi damuna a wannan muhawara shi ne ƙarfin da muke ɓatawa a kan farin magi, alhali sinadarai masu kisa na shiga abincinmu ba mai ɗaga murya. Ana zuba fiya-fiya a buhun wake don kashe ƙwari. Sinadarin da ke cikinsa, dikulobos, yana toshe wani furotin da jijiyoyi ke buƙata don su huta bayan sun aika saƙo, kuma aikin da yake yi wa ƙwaro shi yake yi wa mutum. Saboda shi ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ana nuna ayaba da mangwaro da kabaid ɗin masu walda, abin da NAFDAC ta sha gargaɗi a kai.

Mafi muni kuma ba daga masana'anta yake ba. Gyaɗa da masarar da ba su bushe sosai ba, wani fumfuna kan kama su ya fitar da afulatoksin, ɗaya daga cikin sinadaran da suka fi haddasa sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. An gano shi bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin tunkuzar gyaɗa. A Kenya a 2004 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125. Dafuwa ba ta kashe shi, suya ba ta kashe shi. Gyaɗar nan da ta yanƙwane, ta yi ɗaci, wadda ake warewa a sayar da araha a yi ƙuli da ita, ita ce ta fi ɗaukar sa.

Maganin waɗannan yana hannun manomi da ɗan kasuwa da mai girki. Gyaɗa da masara a shanya su a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, har sai ƙwayar ta yi ƙaras a haƙori, a tsince masu tabo a zubar, a ɗora buhu a kan katako nesa da bango mai danshi. Wake kuwa akwai buhu mai ninki uku da ake kira PICS, wanda aka gwada a Nijar da Najeriya da wasu ƙasashen yankin: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne dabam. Ƙwarin da ke ciki su shaƙe ɗan oksijin ɗin da ya rage, su daina ci, su mutu, waken ya yi watanni ba a ɗiga masa ko ɗigon magani ba.